Dala Ɗari da Mako Guda

'Ya'yana, yau zancen wani ɗan wasa zan yi muku, a wasan da ba a cika kallo a wajenmu ba, wato ƙwallon Amurka. Ita ce wadda 'yan wasa ke sa hular kwano da sulken kafaɗa, ƙwallon kuma doguwa mai tsini biyu, da hannu ake jefa ta. Kowace ƙungiya tana da mai jifa da masu cafewa. Aikin mai cafewa shi ne ya sheƙa a guje, ya zille wa mai tsaronsa, ya ɗaga kai ya cafke ƙwallo a sama, alhali ya san wani ƙato na tafe zai banke shi. In ya cafe ta a cikin gidan abokan karawa, maki 6 ke nan.

Sunan mutumin Cris Carter. An haife shi a 1965 a jihar Ohio, ya tashi a garin Middletown a hannun mahaifiyarsa, cikin gidajen da gwamnati ke ba marasa ƙarfi. Allah ya ba shi hannu, abin da ya taɓa ba ya faɗuwa. Ya yi suna a Jami'ar Jihar Ohio, amma tun can ya fara tuntuɓe: ya sa hannu a ɓoye da wani dillalin 'yan wasa, abin da dokar wasannin jami'o'i ta hana, aka haramta masa buga shekararsa ta ƙarshe. A 1987 ƙungiyar Philadelphia Eagles ta ɗauke shi zuwa babbar gasar NFL.

A kakar 1989 ya ci sau 11. Duk wanda ke kallo daga waje cewa yake yaro ya kama hanya. Na ciki kuwa sun san giya da hodar ibilis sun riga sun kama shi. Dab da fara kakar 1990, mai horar da ƙungiyar, Buddy Ryan, ya kira shi ya sallame shi, yana ɗan shekara 24.

Nan nake so ku tsaya da ni, don abin da Ryan ya yi bayan sallamar ya fi sallamar kanta. 'Yan jarida suka taso da tambaya: ya za ka kori yaron da ke ci maka wasa? Da ya ga dama, kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa. In ya ce ɗan ƙwaya ne, shi ke nan, kowa ya jinjina masa, yaro kuma babu ƙungiyar da za ta sake kallonsa. Bai faɗa ba. Sai ya ce wai yaron ba abin da ya iya sai cafe ƙwallon ci. Maganar ta zama abin dariya, shekaru ana yi masa ba'a da ita, ya haɗiye. Gaskiyar ya faɗa wa mai ita ido da ido a cikin ofis, a waje kuwa ya rufa masa asiri.

Sau da yawa mu muna juya abin. A gida mu yi shiru, mu ci gaba da ba yaro kuɗi muna cewa ƙuruciya ce, kada a ɓata masa rai. Ranar da abin ya ishe mu, sai mu fita ƙofar gida mu yi masa terere, unguwa duka ta ji, har mai niyyar ba shi aiki ko 'ya ya janye. Ga shi ba mu hukunta shi lokacin da hukunci zai yi amfani ba, ga shi mun toshe masa hanyar komowa. Iyaye da iyayen gida, don Allah ku duba wannan.

Ƙungiyar Minnesota Vikings ta ɗauke shi a watan Satumba na 1990, ta biya dala 100, kuɗin takardar karɓar ɗan wasan da aka sallama. Ba su tsaya ga ba shi riga da lamba ba, sai suka haɗa shi da wata mai ba masu shaye-shaye shawara. Ba ta nemi ya rantse ya daina har abada ba. Mako guda ta roƙa: ya yi kwana bakwai bai sha ba. Carter da bakinsa ya ce tun ranar 19 ga Satumba, 1990, bai sake kurɓar giya ba.

Kai ɗana da abin nan ya kama, ko kwalba ce ko ƙwaya, ka lura da hikimar matar nan. Wanda ya nutse, in ka ce masa har abada, gwiwarsa sanyi take yi tun bai fara ba. Mako guda kuwa ana iya hango ƙarshensa. In ya cika, a ɗora wani. Kuma ka lura bai yi shi kaɗai ba. Sai da ya yarda ya zauna gaban wani ya faɗi abin da ke cinsa. Zuwa wajen likita ko mai ba da shawara ba zubar da mutunci ba ne.

Daina sha bai mai da shi gwarzo nan take ba. Sai da ya gyara jikinsa, ya mai da lokacin hutu lokacin atisaye. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne cafiyar bakin layi. Doka ta ce sai ƙafa biyu sun taɓa cikin fili kafin a ƙirga. Za ka ga ƙwallo ta nufi waje, kowa ya fid da rai, sai ga Carter ya miƙe jikinsa duka a wajen layi, hannu ya damƙe ta, yatsun ƙafarsa biyu kuma suna jan ciyawa ta ciki kafin ya kife. Baiwa kaɗai ba ta yin wannan, maimaici ne na safe da yamma. A 1994 ya cafe ƙwallo 122, abin da ba a taɓa yi ba a gasar, a 1995 ya sake cafe 122. Shekara takwas a jere, daga 1993 zuwa 2000, ana zaɓensa wasan fitattu. Da aka kawo matashi Randy Moss a 1998, shi ma yana jan tsohon laifi a bayansa, Carter ne ya ja shi a jiki. A 1999 gasar ta ba shi lambar Gwarzon Shekara saboda hidimar jama'a.

Ba duk abin da ya nema ya samu ba. A kakar 1998 Vikings sun ci wasa 15 cikin 16, amma Atlanta Falcons ta fitar da su saura taki ɗaya su kai Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin gasar, kuma har ya ajiye wasa bai taka wannan fili ba. Ya ƙarasa a Miami a 2002 da cafiya 1,101 da ci 130. A lokacin, Jerry Rice ne kawai ke gabansa.

Bayan wasa ya koma sharhi a talabijin, a HBO da ESPN, daga baya Fox. A nan ma ya yi ɓarin baki. A 2014, yana yi wa sababbin 'yan wasa jawabi, ya ce kowa ya tanadi wani cikin abokansa da zai ɗauki laifi in rigima ta taso. Muguwar shawara ce, daga bakin mutumin da ya tsira saboda an sa shi ya ɗauki laifinsa da kansa. Da maganar ta fito fili a 2015 ya nemi afuwa. Na kawo wannan don kada ku ɗauka wanda ya ci galaba a kan kwalba ya gama da kansa. Harshe ma yana buƙatar irin tsaron nan.

A 2013, bayan an tsallake shi shekaru, aka shigar da shi Zauren Gwarazan wasan a garin Canton. A jawabinsa ya nemi gafarar jami'ar da ya ba kunya. Sannan ya gode wa Buddy Ryan, ya ce korar nan ita ce mafi alherin abin da ya same shi. Ya ba da labarin cewa daren da za a sallame shi, matar Ryan ta roƙi mijinta kada ya kore shi, don yaron zai zama wani abu. Ita ma ya gode mata. Shekara 23 ke tsakanin kora da wannan godiya.

Saboda haka in akwai yaro a gidanka ko a shagonka da ka ga alamar abin nan a idonsa, kada ka jira ya kai ga titi. Kira shi ɗaki ka rufe ƙofa, ka faɗa masa gaskiya ba kwana-kwana, in hukunci ya kama ka yi shi. Daga nan ka riƙe hannunsa zuwa wajen waɗanda suka san maganin abin, kuma kada maƙwabta su ji daga bakinka.