Yadda A Ke Ciro Abin Da Ke Tsakanin Baka Biyu

'Yan'uwana ɗalibai, ga ɗan darasi domin masu koyon harshen kwamfuta mai suna C, wanda Dennis Ritchie ya shirya a Amurka wajen 1972.

A ce an ba ka rajistar aji a nan Minna, an sa unguwar kowane yaro cikin baka mai kusurwa, haka: Audu [Bosso] da Ladi [Chanchaga]. Hedimasta kuwa unguwanni kaɗai ya ke so. To, sai ka siffanta wa kwamfuta abin da za ta nemo. Wannan siffantawa ita a ke kira regex, wani masanin lissafi, Stephen Kleene, shi ya kafa tushenta a 1951. Ba ta cikin ainihin kayan C, sai an aro daga regex.h, wanda a ke samu a Linux da sauran dangin Unix.

Mai gaggawa zai rubuta \[.*\] ya ce ya gama. Ɗigo, watau kowane harafi. Tauraro kuwa, ko guda nawa ne. Amma fa tauraron nan haɗamamme ne, ba ya tsayawa sai ya kai bakan ƙarshe. Sai ya kwaso Bosso da Ladi da Chanchaga duka, a ce unguwar Audu ke nan! Abin da ya fi damuna, kwamfuta ba za ta ce uffan ba, takarda ta tafi ofis haka nan.

Ga maganinsa: "\\[([^]]*)\\]"

[^]] yana nufin kowane harafi ban da bakan rufewa, saboda haka tilas tauraro ya tsaya bayan Bosso. Baka mai lanƙwasa ya kewaye abin da mu ke so. Sandar nan mai jirge kuwa an ninka ta ne domin C ya kan cinye ɗaya.

Ka ba regcomp wannan tare da REG_EXTENDED, sa'an nan ka kira regexec da regmatch_t m[2]. Ku lura, ba kalmar za ta ba ka ba, sai lambobi biyu. Da ya ke C daga sifiri ya ke fara ƙirga, m[1].rm_so zai zama 6, m[1].rm_eo kuwa 11. A ɗebe 6 daga 11, saura 5. Ka kwafi haruffa 5, ka rufe da '\0'. In kana son Chanchaga, ka sake nema daga m[0].rm_eo, in ka gama ka kira regfree.

In akwai baka cikin baka, dabarar nan ba ta ci. Sai ka bi harafi harafi, kana ƙirga buɗewa da rufewa da kanka.