Mai Bishara, In Uwargida Na Da Juna Biyu: Abin Yi da Abin Bari

Da kai nake, Malam, kai da aka tura ƙauyukan Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, kana zagayen ikilisiyoyi neman masu riƙe maka aiki, ga uwargida da juna biyu. Ba lallashinka zan yi ba.

Ka raba kuɗi gida biyu tun daga bakinka. Kuɗin aiki daban: man babur, Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi, allo da alli na ajin yaƙi da jahilci, kwanon rufin ɗakin sujada. Kuɗin haihuwa daban: awo, hoton ciki, magani, mota, jini in an buƙata, tiyata in ta kama. In ka tashi gaban jama'a, ka faɗi wanne kake nema. Kada ka karɓi baiko da sunan rufi ka biya asibiti da shi, ko da buƙatar ta gaskiya ce, ko da niyyarka ka mayar bayan kaka. Tsohuwar da ta kwance bakin zaninta ta miƙo maka ɗari biyar duk a tattaƙure ta san abin da ta bayar dominsa. Ranar da ta ji an karkatar da kuɗin, ka rasa ta, wanda zai gaje ka ma ya rasa ta. Ƙarya a kan kuɗin baiko ce ta kashe Hananiya da Safiratu.

Kada ka ƙirga kuɗi kai kaɗai. Ko Manzo Bulus, da ya tara gudunmawa domin masu bi na Urushalima, sai da ya sa Titus da wasu 'yan'uwa a cikin sha'anin don kada a sami abin zargi. Ka sa ma'aji da dattijo guda su ƙirga, su rubuta, su sa hannu. In ƙarƙashin EMS kake, hukumar mishan ta ECWA da ke aika masu bishara tun ƙarshen shekarun 1940, ko wata hukuma, ka bi ta hannun shugabanninka, ka fita da takardarsu.

Kada kunya ta sa ka ɓoye. Mun san Bahaushe bai iya ambaton cikin matarsa ba, balle na fari. To, ka yi kunyar a kan mumbari, amma ka je ka sami fasto da shugabar Zumuntar Mata a keɓe tun wata na uku ko na huɗu. Matan zumunta sun fi ka sanin kayan haihuwa, kuma in suka ɗauki abu sai sun ga bayansa. Sai dai kada ka mai da cikin abin talla. Kada ka tsayar da baiwar Allah gaban ikilisiya don a ga nauyinta a tausaya. Matarka ce, tana da mutunci.

Ka yi zagayenka da kaka. Manomin yankin Funtuwa ba shi da kuɗi a Yuli da Agusta, taki da noma sun cinye. In masara da dawa da waken suya sun shiga gida, lokacin godiyar kaka, hannu kan saki. Wanda ya ba ka tiya biyar, ka karɓa hannu bibbiyu, ka rubuta kamar yadda za ka rubuta na mai tura kuɗi daga Kaduna ko Sabon Garin Kano.

Kada ka goya uwargida a babur kana yawon ikilisiyoyi da ita. Ka tafi kai kaɗai, ka dawo da rana tsaka.

Yanzu ga wadda ta fi duka nauyi. Ka kama bakinka. Kada ka sa sunan ƙauyenka, da hoton gidanka, da adadin abin da aka tara a Facebook ko a zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu da ba ka san rabinsu ba. Kada a sanar da jimla ta lasifika. A ƙasar da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020, aka kuma ɗauke limaman Katolika daga gidansu a Gidan Mai Kambu ta Ƙafur a Mayun 2022, duk wanda aka ji Turawa ko 'yan birni na aiko masa da kuɗi an riga an yi masa farashi. Infoma ba daga daji yake zuwa ba, a teburin mai shayi yake zaune. Haka kuma kada ka ƙara gishiri a labarin tsanani don a buɗe aljihu. Maƙwabcinka Musulmi ma an kore masa shanu, shi ma ya sayar da gona ya biya fansa, kuma da shi za ka kwana a gari in masu tallafi sun kashe waya.

Kada ka dogara ga alat. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A farkon 2023 kuma mutane na da kuɗi a banki amma takardar naira ta gagara. Kuɗin haihuwa su kasance a hannun amintacce a garin da uwargida za ta haihu, wasu tsaba, wasu a asusu. Kada ka tara su ƙarƙashin katifa a ƙauye.

Ka kai ta gari kafin wata na tara ya kama, Funtuwa ko Malumfashi ko gidan iyayenta in akwai asibiti kusa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Naƙuda ba ta san dare ba, kuma babu direban da zai hau hanyar Sheme ƙarfe biyun dare don kai ka roƙe shi. Kada ta tsallake awo. A yi mata allurar tetanus, ta sha maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ta kwana a gidan sauro. In ka ga jini, ko kumburin fuska da hannu, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ka yi addu'arka a cikin mota. Ka nemi mutum biyu da za su ba da jini tun kafin ranar. Doguwar naƙuda a gida ita ke kai mata da yawa asibitin Babbar Ruga neman gyaran yoyon fitsari, waɗanda suka rayu ke nan.

Kada ka kira sakaci bangaskiya. Bulus ya ɗinka tanti da hannunsa. Ka yi noma, ka yi kiwo, in tallafi ya yi jinkiri gidanka bai kwana da yunwa ba. Kada kuma ka ci bashi don ragon suna a ce mai bishara ya yi bajinta.

In ta sauka, ka sanar da duk wanda ya ba ka, ka faɗi abin da ya shigo da inda ya tafi, har abin da ya yi saura.

Ku kuma dattawan ikilisiya da kuka ɗora masa hannu kuka sallame shi, kada ku jira sai ya zo yana sosa ƙeya. Ku sa haihuwar matarsa a kasafin bana, ku tanadi ɗakin da za ta sauka a gari tun yanzu.