Gasar Zaɓen Taurarin Mata na Tsofaffin Finafinan Amurka: Me Ƙuri'a ke Aunawa?

Masoya tsofaffin finafinan Hollywood sukan shirya gasa inda ake haɗa jarumai mata bibbiyu, a kaɗa ƙuri'a, wadda ta sha kaye ta fita, har a tsaya kan gwarzuwa ɗaya. Wannan tsari ya sha bamban da na Cibiyar Finafinai ta Amurka, wadda a 1999 ta bar zaɓen a hannun masana, suka fifita Katharine Hepburn, sai Bette Davis, sai Audrey Hepburn.

Sai dai ƙuri'ar masoya ba gwaninta kaɗai take aunawa ba, har da abin da ya tsira. Ba a zaɓen wadda ba a kalla ba. Theda Bara ta shahara matuƙa a zamanin finafinan da ba su da sauti, amma gobarar rumbun kamfanin Fox a 1937 ta laƙume mafi yawan ayyukanta, don haka da wuya ta yi nisa a irin wannan gasa.

Darasin ya shafi manazarta Kannywood. Finafinan farko, tun daga Turmin Danya na 1990, a kaset ɗin bidiyo suka fito. In ba a adana su ba, jaruman wancan zamani za su sha kaye tun kafin a kaɗa ƙuri'a.