Kana Son Gina Manhajar Karanta Rubutun Kiɗa? Fara da Juya Shafi

A manyan zaurukan kiɗa na Turai akan ga wani mutum zaune a hagun mai kaɗa fiyano. Ba ya kiɗa, ba ya waƙa, aikinsa kawai ya miƙe ya juya shafi idan lokaci ya yi, domin hannayen makaɗi duka biyu suna kan aiki, kiɗa kuma ba ya jiran kowa. To, malam, idan kana son gina manhajar karanta rubutun kiɗa a waya, kujerar wannan mutumin kake nema, kuma a kan juya shafi za a auna ka kafin a dubi kyan launin manhajarka.

Kafin ka rubuta layi ɗaya, yanke shawarar irin fayil ɗin da za ka karɓa. PDF hoton takarda ne, manhaja ba ta san abin da ke ciki ba, nunawa kawai take yi. MusicXML kuwa, wanda Michael Good ya ƙirƙira kuma sigarsa ta farko ta fito a 2004, yana ɗauke da kowane sauti da tsawonsa. Da shi za ka iya sauke waƙa ƙasa idan ta yi wa mawaƙa tsayi, ko ka ware muryar mata kaɗai a saurara, ko ka sake jera layuka su dace da ƙaramar waya. Abin sha'awa ne, amma shawarata ka fara da PDF. Abin da ke hannun mutane ke nan. Rumbun IMSLP, wanda aka buɗe a 2006, yana da dubban ɗaruruwan takardun kiɗa kyauta, galibinsu PDF, ga kuma kwafe-kwafen da kowane malamin kiɗa ya tara a jakarsa. Ranar da ka shirya wa MusicXML, kada ka ce za ka zana alamomin da kanka. Akwai kayan aikin zana su irin Verovio da OpenSheetMusicDisplay, duk kyauta, masana sun riga sun sha wahalar.

Mu koma kan shafin. Dole wanda ke biye ya kasance a shirye cikin ƙwaƙwalwar waya tun kafin a neme shi, yadda da an taɓa zai bayyana ba tare da ko ƙiftawa ba. Ka faɗaɗa wurin taɓawa, rabin allo na dama gaba, na hagu baya, domin mai sauri ba ya neman ƙaramin maɓalli. Ka sa juya rabin shafi, wato saman sabon shafi ya bayyana alhali makaɗi yana ƙarasa ƙasan tsohon, don idon mai karatun kiɗa kullum yana gaba da hannunsa. Sannan akwai alamar maimaici, wadda kan mayar da mutum shafi uku baya. Ba shi damar kafa mahaɗi da zai kai shi can da taɓawa ɗaya. Fedar ƙafa ta Bluetooth, irin ta AirTurn ko PageFlip, ba abin tsoro ba ce: yawancinsu waya tana ɗaukarsu kamar madannin kwamfuta ne, don haka idan manhajarka tana jin maɓallan kibiya da na sauka da hawa, ka gama. Kuma don Allah ka hana allo yin barci. Babu abin kunya kamar waya ta yi duhu ana tsakiyar waƙa.

Rubutun fensir ma ka ba shi haƙƙinsa. Makaɗa suna cika takarda da alamun numfashi da lambobin yatsu. Ka adana waɗannan daban da ainihin fayil ɗin, yadda za a iya gogewa ko a tura wa abokan ƙungiya. Komai kuma ya yi aiki ba tare da intanet ba.

Akwai jarabar da ke cinye watannin masu farawa: a ɗauki hoton takarda, manhaja ta karance ta ta kaɗa. Manhajar Audiveris ta daɗe tana aikin karanta hoton takarda, har yanzu sai mutum ya bi yana gyara. Bar shi tukuna.

Wa kake gina wa? A kan iPad, forScore yana nan tun 2010, a Android kuma ga MobileSheets. Yin gogayya da su a filinsu ɓata lokaci ne. Amma dubi na kusa da kai. Ƙungiyoyin mawaƙan coci da yawa a Nijeriya ba rubutun kiɗa mai layuka biyar suke karantawa ba, solfa suke bi, wato d, r, m, f, s, l, t, tsarin da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19. Haruffa ne da ɗigo, suna zama daram a ƙaramar waya mai araha, manyan manhajojin nan kuwa ba don su aka gina su ba. 'Yan badujala na makarantu su kuma buƙatarsu daban ce, kowa da nasa kason. Zaɓi rukuni ɗaya, ka je wurin atisayensu ka zauna ka kalli inda suke tuntuɓe.

Kada ka cusa waƙoƙin mutane a ciki ba izini. A Nijeriya da Tarayyar Turai haƙƙin mallaka yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai waƙa. Beethoven ya rasu a 1827, amma sabon bugun aikinsa na iya samun nasa haƙƙin, don haka ka duba kowane fayil.

Wajen fitarwa, Google Play yana karɓar dala 25 sau ɗaya, Apple kuma dala 99 duk shekara. Sabon asusun mutum ɗaya a Google sai ya yi gwajin sirri da aƙalla mutum 12 na kwana 14 a jere kafin a bar shi ya fito fili. Kada ka tara 'yan uwa su cika adadi. Ba ƙungiyar mawaƙa guda su yi atisaye da manhajar, za su faɗa maka gaskiya ba kara. Bayan ta fito, ka kiyaye lokacin sabuntawa: kada ka saki sabuwar siga daren Asabar, ko makon Kirsimeti da Ista, lokacin da kowa ya riga ya jera waƙoƙinsa.