Ciwon Kai da Nauyin Kai Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki: Darasi Daga Bakin Wani Majinyaci a Masaka

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To amma idan mai ɗakin bai iya nuna wa mai gyara wurin ba, ruwa zai ci gaba da zuba. Wannan maƙala za ta yi nazari a kan ciwon kai da nauyin kai da ke damun mutanen da suke farfaɗowa daga shanyewar ɓarin jiki, tare da duba irin kalmomin da Bahaushe ke amfani da su wajen bayyana wannan ciwo, da yadda iyali za su taimaka wa majinyacinsu.

Abin da ya ja hankalina ga wannan batu shi ne zaman jinya da na yi wa kawuna a Masaka lokacin dogon hutu. Masaka gari ne a ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, a kan hanyar Abuja zuwa Keffi, kuma da yawa daga mazaunansa a Abuja suke neman abinci. Gari ne na ƙabilu iri-iri, inda Hausa ta zama harshen kasuwa da tasha. Kawu ya daɗe da hawan jini, sai wata safiya hannunsa da ƙafarsa na hagu suka daina motsi. Bayan an sallame shi daga asibiti, ni ne nake raka shi ganin likita, kuma da yake likitar ba ta jin Hausa sosai, ni na zama tafinta.

2.0 Mene ne Shanyewar Ɓarin Jiki?

Shanyewar ɓarin jiki, wadda wasu ke kira mutuwar ɓarin jiki ko bugun jini, tana faruwa ne idan jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa. Iri biyu ce. Ta farko ita ce wadda gudan jini ke toshe jijiya. Ta biyu ita ce wadda jijiya ke fashewa jini ya kwarara cikin ƙwaƙwalwa ko kewayenta. Da yake ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa hagun jiki, na hagu kuma yana sarrafa dama, raunin da ke ɗaya gefen kai a ɗaya gefen jiki yake bayyana.

Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a asibitocin Nijeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya, ya fitar da sakamakonsa a 2018. Daga cikin majinyata 2,118 da aka nazarta, kashi 68 cikin 100 toshewar jijiya ce ta same su, kashi 32 kuma fashewa. Binciken ya nuna hawan jini shi ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo cutar. Wannan ya kamata ya zama tunatarwa ga masu danganta ta da shafar iska ko sammu, har su ɓata lokaci kafin zuwa asibiti.

3.0 Me Ke Kawo Ciwon Kai Lokacin Farfaɗowa?

Abin mamaki, ita kanta ƙwaƙwalwa ba ta jin zafi. Abubuwan da ke jin zafi su ne tantanin da ya lulluɓe ta, da jijiyoyin jini, da tsokokin kai da wuya. Daga cikin dalilan ciwon akwai:

(a) Tabon cutar kanta. Kundin rabe-raben ciwon kai na duniya, bugu na 3 da ya fito a 2018, ya ware suna na musamman ga ciwon kai da ya zarce wata 3 bayan cutar ta lafa. Wato abu ne sananne a wurin likitoci, ba raki ba ne.

(b) Ƙagewar tsoka. Mai shanyayyen hannu yakan zauna a karkace, kafaɗa ta saki, wuya ya sanƙare. Daga nan ciwo ke hawa ƙeya ya zagayo goshi.

(c) Damuwa da rashin barci. Magidancin da ya saba fita da asuba ya koma sai an tayar da shi, ga kuɗin haya, ga kuɗin makarantar yara, dole tunani ya yi masa yawa.

(d) Magunguna. Wasu magungunan hawan jini, irin su amilodifin da nifedifin, sukan sa ciwon kai a farkon fara shan su.

(e) Yawan shan maganin ciwon kai. Wanda ke shan farasitamol ko makamancinsa kwana 15 ko fiye a kowane wata, har tsawon fiye da wata 3, maganin da kansa yana iya zama sanadin ciwon.

(f) Raunin hanyoyin jin zafi a cikin ƙwaƙwalwa. Tun a 1906 wasu likitocin Faransa biyu, Dejerine da Roussy, suka bayyana wani irin raɗaɗi mai kama da ƙuna da ke kama ɓarin da ya shanye, wani lokaci har da fuska da kai, makonni ko watanni bayan cutar.

Kowanne daga cikin waɗannan da irin maganinsa. Hanyar farko da likita ke bi ya rarrabe su kuwa ita ce abin da ya ji daga bakin majinyaci. A nan ne ɗalibin harshe ya shigo.

4.0 Kalmomin Ciwo a Bakin Bahaushe

Ranar farko likita ta tambayi abin da ke damun Kawu. Ya ce, "Kaina ne ya yi gingirim, kamar an naɗa mini rawani an tamke." Ni kuwa na taƙaita mata da cewa yana ciwon kai. Ta sa na maimaita abin da ya faɗa kalma bayan kalma, domin a cewarta maganar rawanin nan ita ce abin da take nema. Ranar na gane cewa na zubar da tsaba na miƙa dusa.

Idan aka lura, Bahaushe na bayyana ciwon kai ta hanyoyi huɗu:

Na farko, ta aikatau da sunan aiki: kai yana sara, yana zugi, yana suka, yana raɗaɗi. Sara da zugi sun fi nuna ciwo mai bugawa tare da bugun zuciya. Suka na nuna ciwo mai tsini a wuri guda. Raɗaɗi kuwa ya fi kusa da ƙuna.

Na biyu, ta amsa-kama: kai ya yi gingirim, ya yi dam. Waɗannan nauyi da matsi suke nunawa, irin wanda ƙagewar tsoka da damuwa suka fi kawowa.

Na uku, ta kamantawa: kamar an ɗora mini dutse, kamar ana daka a ciki, kamar zai rabe biyu, kamar an zuba barkono.

Na huɗu, ta ambaton wuri: goshi, ƙeya, tsakar kai, ɓarin kai, bayan ido.

Akwai kuma jiri da juwa da hajijiya, waɗanda majinyata kan cusa cikin ciwon kai alhali abu ne daban, kuma likita na bukatar jin su daban. Haka nan ita kalmar ciwon kai tana da ma'ana ta biyu, wato matsala, kamar a ce yaron nan ya zame mini ciwon kai. Saboda haka tafinta ya tabbatar wanne ake nufi.

4.1 Matsalar "Da Sauƙi"

A al'adar Bahaushe, amsar "Ya jiki?" ita ce "Da sauƙi," ko da mutum bai runtsa ba daren jiya. Gaisuwa ce, ba rahoto ba. Ga kuma dauriya da kara da ke hana dattijo kuka a gaban 'ya'yansa. Na sha ce wa Kawu, "Kawu, sannu, ya ƙarfin jikin?" ya ce, "Da sauƙi, ɗana," alhali yana dafe da ƙeya. Inna, matarsa, ita ta koya mini dabara. Ba ta tambayarsa ya jiki, sai ta ce, "Malam, yau ina ne yake maka, goshin ko ƙeyar?" Tambayar da ba ta da amsar gaisuwa ita ke fito da gaskiya.

4.2 Idan Magana Ta Ƙi

Wasu majinyatan, musamman waɗanda damansu ta shanye, sukan rasa magana ko fahimtarta, domin a wurin yawancin mutane cibiyoyin harshe a hagun ƙwaƙwalwa suke. Ɗaliban kimiyyar harshe sun san Paul Broca, wanda a 1861 a birnin Faris ya bayyana wani majinyaci mai fahimtar magana amma gaɓa ɗaya kacal yake iya furtawa, da Carl Wernicke na Jamus, wanda a 1874 ya bayyana masu magana tiryan-tiryan amma ba ma'ana. Irin waɗannan suna jin ciwo kamar kowa. Sai a yi musu tambaya mai amsar i ko a'a, a bar su su nuna wurin da hannu, ko su ɗaga yatsu daga 1 zuwa 5 gwargwadon tsananin ciwon. A lura kuma da yamutsa fuska, da gudun haske, da ƙin abinci.

5.0 Ciwon Kan da Ba A Jira da Shi

Mafi yawan ciwon kai na lokacin farfaɗowa yana da wahala amma ba ya kisa. Sai dai wanda cutar ta taɓa kamawa tana iya dawo masa. A garzaya asibiti nan take idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

(a) ciwon kai da ya sauko farat ɗaya, wanda majinyaci ya ce bai taɓa jin irinsa ba;
(b) karkacewar baki, ko sabon rauni a hannu ko ƙafa;
(c) sarƙewar harshe ko ruɗewa;
(d) gani dishi-dishi ko bibbiyu;
(e) amai, sanƙarewar wuya, farfaɗiya ko barcin da ba a iya tayar da shi;
(f) ciwon kai bayan faɗuwa, musamman ga mai shan maganin tsinka jini.

Kada a ba shi asfirin ko wani abu ta baki kafin a isa, domin sai hoton ƙwaƙwalwa ne ke nuna toshewa ce ko fashewa, kuma asfirin na ƙara zubar jini. A riƙe lokacin da alamar ta fara, domin allurar narkar da gudan jini, a inda ake da ita, galibi cikin awa 4 da rabi ake yin ta. Mutanen Masaka sun san cunkoson motoci na Mararaba da Nyanya da safe. Don haka tun ana lafiya iyali su yanke shawarar inda za su nufa, ko Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, ko Asibitin Ƙasa da ke Abuja, su kuma san mai motar da za su kira cikin dare.

6.0 Hanyoyin Samun Sauƙi a Gida

Na ɗaya, a buɗe littafin ciwon kai. A rubuta rana, da lokaci, da wurin ciwon, da kalmar da majinyaci ya faɗa da bakinsa, da awon jininsa, da maganin da ya sha. Littafin da na buɗe wa Kawu shi ya tona cewa kusan kullum yana aika yara kemis su sayo masa haɗin ƙwayoyi. Da likita ta gani ta dakatar da su, ta tsara masa wani magani, ta kuma tura shi sashen gashi saboda wuyansa da kafaɗarsa. Makon farko ciwon ya ƙaru kamar yadda ta faɗa, daga baya ya fara ja da baya.

Na biyu, a kiyayi magani ba da izini ba. Ibufurofen da diklofenak suna iya ɗaga jini, suna kuma ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan asfirin ko wafarin. Wasu magungunan ciwon ɓarin kai suna matse jijiyoyin jini, ba su dace da wanda ya taɓa shanyewa ba. Turamadol na iya jawo farfaɗiya da sabo. Farasitamol ya fi sauƙin haɗari, amma babba kada ya wuce giram 4 a yini, kada kuma ya mayar da shi abincin kullum. Jiƙo da sassaƙe ma a gaya wa likita.

Na uku, kada a daina maganin hawan jini don an ji sauƙi ko don ana zargin shi ke sa ciwon. A koma wa likita ya canza. Hawan jini sau da yawa ba ya ba da alama, awo kaɗai ke nuna shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen miya ma gishiri ne.

Na huɗu, a gyara zama da kwanciya. A tallafi shanyayyen hannu da matashi, kada a ja majinyaci ta wannan hannu wajen tayar da shi. A sha ruwa isasshe lokacin zafi, a ci abinci kan kari, a tsayar da lokacin barci. Mai son yin azumi ya fara tuntuɓar likitansa.

Na biyar, a tsara dubiya. Zumunci abu ne mai kyau, amma ɗaki cike da baƙi tun safe har dare yana gajiyar da ƙwaƙwalwar da ke jinya. A ware lokaci, a rage ƙarar rediyo da hasken waya. Idan kuma majinyaci ya yawaita kuka, ko ya ce gara mutuwa, a sanar da likita, domin baƙin ciki bayan wannan cuta ciwo ne mai magani.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa ciwon kai bayan shanyewar ɓarin jiki yana da dalilai daban-daban, kuma rarrabe su ya dogara ƙwarai ga kalmar da majinyaci ya furta da amanar wanda ya fassara ta. Kawu yanzu yana takawa da sanda zuwa bakin titi, nauyin kan yakan zo jefi-jefi, amma ya daina ɓoye shi a bayan "da sauƙi."

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu ɗauki wannan fage da muhimmanci. Kowa ya tattara kalmomin ciwo guda 10 daga karin harshen garinsu, na Sakkwato ko Katsina ko Zazzau ko Bauci, ya bayyana ma'anar kowace, mu kwatanta a aji. Ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar wayar da kai game da wannan cuta a duniya, kuma lokaci ne da ya dace ƙungiyarmu ta gabatar da abin da ta tattara ga ɗaliban likitanci da na jinya.