Ciwon Dajin Maƙoshi: Abin da Ɗan Naman da Aka Ɗauka Ke Faɗa wa Likita

Idan tuwo ya fara tsaya muku a ƙirji, daga baya koko ma ya ƙi wucewa, ga rama babu dalili, kada ku tsaya shan jiƙe-jiƙe. Waɗannan suna cikin alamun ciwon dajin maƙoshi, wato bututun da ke kai abinci daga baki zuwa ciki.

A asibiti za a zura siririyar na'ura mai kyamara ta baki, a tsinko ɗan nama kamar ƙwayar dawa. Wasu suna ƙin yarda, wai taɓa ciwon zai watsa shi. Ba haka ba ne. Wannan naman ne zai nuna irin ciwon, domin iri biyu ne manya: ɗaya yana fitowa daga fatar da ta shimfiɗe cikin bututun, ɗaya kuma yakan fito can ƙasa, kusa da bakin tumbi.

Kun san hatsi biyu kan yi kama a ido, amma sai an buɗe buhu ake sanin na kirki. Haka mutum biyu kan sha maganin daji iri ɗaya ta jijiya, ƙarin ɗaya ya motse, na ɗayan ko gezau. Wani ɓangare na dalilin yana cikin sinadaran furotin da ƙwayoyin ciwon ke ɗauke da su. Akwai HER2, wanda ke zuga ƙwayoyin su hayayyafa. Ana samunsa da yawa a kusan ɗaya cikin biyar na masu iri na biyun. Binciken ToGA na 2010, a kan masu dajin tumbi da na mahaɗarsa da maƙoshi, ya nuna ƙara musu trastuzumab ya tsawaita matsakaicin rayuwarsu daga wata 11 zuwa kusan 14. Wanda ba shi da HER2 mai yawa, sayen wannan magani mai tsada asarar jari ce kawai. Ana kuma auna PD-L1 kafin ba da magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki.

Idan za ku tsallaka da majiyyaci daga Maraɗi zuwa Kano, ko daga Sakkwato zuwa Yamai, ku karɓi takardar sakamakon, ko da Faransanci aka rubuta ta. Ku nemi naman ma: ana adana shi cikin ɗan dunƙulen kaki, kuma wani ɗakin gwaji zai iya auna furotin a kansa ba tare da an sake zura na'ura ba. Ku nisantar da shi daga rana da zafin mota, don kakin yana narkewa.