Shawarwari kan Farfaɗo da Tsohon Injin Naɗa Kwayil

Jita mai lantarki ta daɗe da zama ƴar gida a Nijar. Daga Agadas, garin makaɗi Bombino, har filayen biki na Damagaram, ba a rasa matashin da ya rataya ta, kuma makaɗi Mdou Moctar da wayar birkin keke ya ɗaure tasa ta farko. Amma ranar da maɗaukin sautinta ya mutu, wato ɗan kwayil ɗin nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi, mai jita a gari irin Droum ba shi da kantin da zai shiga ya sayi sabo. Sai a aika Zinder, ko a jira mai zuwa Kano. Alhali abin ba tsafi ba ne: maganaɗisu ne da siririyar wayar tagulla da aka naɗa masa zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a samansa, ƴar wuta ta taso a cikin wayar, na'urar ƙara sauti ta ɗauka. Gidan da ke da tsohon injin naɗi, na hannu irin na masu gyaran fanka ko wanda aka haɗa da motar keken ɗinki, zai iya wannan aiki in an gyara injin yadda ya kamata.

1. Ka wanke shi kafin ka sayi komai. Cire filogi, kwance murfi, ka jera notuna cikin faranti. Abin da ake cewa tsufa, sau da yawa ƙurar hunturu ce ta haɗu da tsohon giris suka daskare. Kananzir da tsohon burushin haƙori sun isa. In ya bushe, ɗiga man keken ɗinki a mahaɗai. Kada a sa man gyaɗa, ko da shi ne a kusa. Yana yin danƙo, bayan ƴan watanni injin ya fi da nauyi.

2. Duba ko sandar injin tana juyawa a miƙe. Nan ne yawancin tsofaffin injuna ke da ciwo, kuma nan ne masu gyara ke tsallakewa. Kafa bakin fensir dab da ƙarshen sandar, ka juya ta da hannu a hankali. In ta taɓa fensirin a gefe guda ta guje masa a ɗaya gefen, ko dai ta lanƙwashe ko boris ya cinye. Kama ta ka girgiza: in ka ji ƙwas-ƙwas, boris ne. Akwai lamba a jikinsa, ka kwafe ta, ko ka tafi da shi kasuwar Dole a Zinder a ba ka irinsa. Wajen saka sabo, a sa guntun bututu a kan zoben da ke shiga da ƙarfi a buga a hankali. Guduma kai tsaye tana kashe boris tun bai fara aiki ba. Faifan da ake manna kwarkwaron kwayil a kai shi ma a gwada shi da fensirin. In na katako ne, kunna injin ka riƙe sampefa a jikin falanki ka goge fuskarsa har ta daidaita. Mai naɗa kwayil ɗin fanka zai iya haƙuri da ƴar rawa, don wayarsa tana da kauri. Wayar jita ba ta yafewa, kowace rawa fizga ce.

3. Bel da ya saki ko ya tsage a canza shi, irin na keken ɗinki yana yi. In motar tana tartsatsi da warin ƙuna, buɗe ƙananan murafun gefenta ka duba burushin gawayi. In sun gajarce a sa sababbi biyu tare.

4. In kuɗinka na gyara ɗaya ne tak, kashe shi a kan ma'aunin zagaye. Maɗaukin sauti mai kwayil ɗaya irin na Fender Stratocaster yana cin zagaye wajen 8,000. Mai kwayil biyu, wanda Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson a 1955 don kashe gurnanin lantarki, kowane ɓangarensa wajen 5,000 ne. Ba mai iya ƙirga wannan da ka, musamman a gidan da yara ke shigowa da sallama kowane minti. Zagaye ya yi yawa, sauti ya yi ƙarfi amma ya dushe. Ya yi kaɗan, ya yi kaifi amma ba nauyi. Na Gibson na ƙarshen shekarun 1950 ma ba su fito daidai da juna ba, wani ya ɗara wani zagaye, kuma masu tara kayan tarihi suna son su a haka. Kai da kake gyara wa maƙwabci ba ka da wannan gata: abin da ya kawo yake so a mayar masa.

In ma'aunin injin mai haƙora ne kuma yana tsallake, akwai dabara mai araha. Nemi ƙaramar kalkuleta da ɗan makunnin gilashi mai jin maganaɗisu, irin wanda ke cikin ƙararrawar ƙofa ko mitar gudun keke. Buɗe bayan kalkuletar, ka lalubo layuka biyu da ke ƙarƙashin maɓallin "=", ka haɗa musu wayoyi biyu da dalma zuwa makunnin. Manna ɗan maganaɗisu a gefen faifai yadda zai wuce dab da makunnin a kowane juyi, sannan ka manna wani abu mai nauyinsa a ɗaya gefen don kada faifan ya karkata. Danna 1, danna +, sai kowane zagaye ya ƙara ɗaya. Ba kowace kalkuleta ke karɓar wannan ba, don haka ka gwada da yatsa tun a gaban mai kanti. Aibinta ɗaya: in gudu ya yi yawa tana haɗiye lissafi ba ta faɗa maka. Ɗaura zaren ɗinki a fensir ka naɗa da gudun da kake aiki, sannan ka warware da hannu kana ƙirgawa. In lissafin biyu bai zo ɗaya ba, rage gudu. Wasu kuma suna mutuwa da kansu in an ɗan jima ba a taɓa su ba, saboda haka duk tsayawar da za ka yi, rubuta lambar a takarda.

5. Bayan lissafi sai jan waya. Wayar da aka fi amfani da ita ita ce mai lamba 42 a ma'aunin Amurka, kaurinta wajen milimita 0.063, kusan silin gashi, kuma kwayil ɗaya yana cinye fiye da kilomita guda. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa ƙullin wayar a kan ƙusa yana juyawa kamar zaren tela. Nauyinsa kaɗai zai tsinka ta. A ajiye shi tsaye a ƙasa, kimanin mita ɗaya daga injin, wayar tana zamewa ta samansa ba tare da ya motsa ba. Shafa bakin ƙullin da yatsa. In akwai ƙaiƙayi ko tsaga, goge da sampefa mai laushi. Daga nan wayar ta bi tsakanin ƙyallen ulu biyu da aka matse da ɗan sukuru ko maƙalin shanya. In matsin ya yi sako-sako, kwayil zai kumbura, ya riƙa kuka da an ƙara sauti. In ya matse da yawa, wayar tana miƙewa ta ƙara sirancewa, fentin jikinta ya tsage, zagaye ya taɓa zagaye, kuma ba za ka sani ba sai ka gama. Ƙyallen yana tara ƙura, ƙurar kuwa yashi ce, a canza shi akai-akai. Ranar da iska ke tashi a rufe taga, ko a bar aikin sai da asuba.

6. Kafa sandar ƙarfe mai santsi a gaban faifan, da zobba biyu masu sukuru a jikinta. Tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da faɗin cikin kwarkwaron, har ma ta gaza da kaɗan, yadda hannunka ba zai kai wayar waje ba. Masu sayar da injuna za su kwaɗaita maka mai kai-komo da kansa. A ganina gida ba ya buƙatarsa. Abigail Ybarra, wadda ta shiga kamfanin Fender a 1956 ta yi ritaya a 2013, da yatsunta take jagorantar waya, kuma har yau ana neman maɗaukan da ta sa wa hannu.

7. Kada ka nemi gudu, nemi tashi a hankali. Zagaye 800 a minti ya gama 8,000 cikin minti 10, me ake ci na sauri? Abin da ke tsinka waya shi ne tsohuwar fedar ƙafa da ke shiru sannan ta zabura. Gyara ta, ko ka sa ƙaramar fule a motar da babba a sandar. Wanda ya gaji da zuwa da ɗaukewar kuran, kuma bai manta da watan Agustan 2023 ba lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, ya koma motar bolt 12 da batir da faifan sola, tare da ɗan akwatin rage gudu mai murɗawa. Motar tsohon injin huda mai batir tana yi. Ta waifar mota tana da ƙarfi amma tafiyarta ta hawainiya ce, sai ka share fiye da awa biyu a kwayil ɗaya. Kuma kowace iri ce, a naɗe hannun riga, a ɗaure mayafi, a sa makunni inda hannu zai kai nan take, a rufe bel saboda yatsun yara.

8. Sayi mitar auna lantarki, ka kuma san halin zafin garinku. Kwayil na zagaye 8,000 yakan nuna wajen om 6,000, amma wannan lissafin ɗaki mai sanyin digiri 20 ne. Juriyar tagulla tana hawa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri, saboda haka da azahar a watan Afrilu, zafi na digiri 40, kwayil mai lafiya zai nuna kusan 6,500. Kada ka warware aikin kirki a kan haka. Aune-aune duka a yi su lokaci ɗaya na yini. Ka kuma taɓa tsinken mita ɗaya a waya, ɗayan a maganaɗisu: in ta motsa, wayar ta goge a jikinsa. Shi ya sa ake lulluɓe maganaɗisun da siririn tef kafin a fara naɗi.

9. Tsoma kwayil cikin kaki yana hana shi kuka. Haɗin da aka saba shi ne kashi huɗu na kakin kyandir, kashi ɗaya na kakin zuma. Kada gwangwanin kakin ya hau wuta kai tsaye, yana kamawa. A sa shi cikin tukunyar ruwan zafi, wajen digiri 65, a bar kwayil ɗin har kumfa ta daina fitowa. Ya fi haka zafi, roba ta lanƙwashe. Uwargida kuma a nemi izininta, ko a sayi tukunya daban.

10. Kafin ka yanke tsohuwar waya, ɗauki hotonta, ka rubuta ta wace fuska aka naɗa ta, ka sa kamfas ka ga wane kai na maganaɗisun ke sama. In ka juya ɗaya daga cikin biyun, sautin zai sirance duk lokacin da aka haɗa maɗaukin da ɗan'uwansa. Wani lokaci ma wayar a zagayen waje kawai ta tsinke, ko dalma ce ta saki. Warware kaɗan ka auna tukuna. Haka za ka yi da kwayil ɗin fanka, na babur ko na ƙaramar taransifoma, waɗanda a gaskiya su za su fi kawo maka aiki a Droum fiye da jita. Su sai ka ƙirga zagayen kana warwarewa, ka tafi da guntun tsohuwar wayar wurin saye don a ba ka kaurinta daidai, ka kuma sa musu ƙyallen matsi nasu daban, domin waya mai kauri tana sassaƙa hanya a jikinsa har siririyar ta daina kamuwa.